Littafin gwamnati a buɗe yake, amma wa ke iya karanta shi a Badafi?

A watan Yulin 2016 rikici ya ɓarke a Majalisar Wakilai ta Tarayya kan abin da kafafen yaɗa labarai suka kira cushe a kasafin kuɗi. Abdulmumin Jibrin, ɗan majalisa mai wakiltar Kiru da Bebeji, wanda ya bar shugabancin kwamitin kasafi a cikin watan, ya zargi shugabannin majalisar huɗu da ware wa kansu naira biliyan 40 daga cikin biliyan 100 na ayyukan mazaɓu. Cikin waɗanda ya ambata har da maƙwabcinsa, Alhassan Ado Doguwa, mai wakiltar Tudun Wada da Doguwa, wanda a lokacin shi ne mai tsawatarwa na majalisar. Sun musanta zargin, aka kuma mayar wa Jibrin da martani cewa shi ne ya tula ayyuka a mazaɓarsa. A ƙarshen Satumba majalisar ta dakatar da shi na kwanakin zama 180.

Wanda ya yi gaskiya a cikinsu magana ce ta kotu da tarihi. Abin lura shi ne, wakilan ƙananan hukumomi huɗu da ke kudancin Kano sun tsinci kansu a tsakiyar taƙaddamar kasafi mafi zafi a wannan shekara, ƙasa duka tana ta jifan juna da alƙaluma, alhali manomi a mazaɓar Badafi ta Kiru, ko mai sayar da shinkafa a Yaryasa, ko malamin makaranta a Riruwai, ba shi da wata hanya mai sauƙi ta sanin ko nawa aka rubuta da sunan garinsu. An yi faɗan a kansu, da kuɗinsu, cikin harshen da yawancinsu ba sa ji.

Daga wancan lokaci zuwa yau takardun gwamnati da ke intanet sun ninka. Ra'ayina shi ne wannan bai wadatar ba, kuma ma'aunin da muke auna ci gaban da shi gurgu ne. Bayanin gwamnati yana zama buɗaɗɗe ne ranar da mutumin mazaɓa zai iya sanin abubuwa huɗu cikin harshensa, tun kafin a kashe kuɗin: wane aiki aka rubuta wa garinsu, nawa aka ware, wa aka ba, yaushe za a gama. Idan aka auna da wannan, tafiyar tana da sauran nisa.

Abin da aka riga aka buɗe

Adalci ne a fara da abin da aka cim ma, domin ba kaɗan ba ne. A 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ke ministar kuɗi, aka fara buga wa jama'a a jaridu abin da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya a kowane wata. Har yau Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa waɗannan alƙaluma. Mai kwamfuta da haƙuri zai iya gano kason Kiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa wata bayan wata.

Ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta wajabta wa hukuma amsa buƙatar ɗan ƙasa cikin kwana bakwai, ba tare da ta tambaye shi dalilinsa ba. An daɗe ana ja-in-ja kan ko dokar ta hau kan jihohi, har zuwa Afrilun 2025 da Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta yanke cewa ta hau. A 2016 Najeriya ta shiga ƙawancen ƙasashe na buɗe harkokin gwamnati, wato OGP, Kano ma ta bi sahu daga baya. A 2018 Bankin Duniya ya amince da shirin SFTAS na dala miliyan 750, wanda ya riƙa ba jiha tallafi idan ta wallafa kasafinta a kan lokaci, da rahoton yadda ake aiwatar da shi duk wata uku, da lissafin da odita ya bincika. A Disambar 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe shafin baitulmali na intanet, inda aka wajabta wa ma'aikatu bayyana duk kuɗin da suka biya daga naira miliyan 5 zuwa sama. A gefe guda, ƙungiyoyi irin su BudgIT da Follow The Money, da cibiyar CITAD a nan Kano, sun shafe shekaru suna tona waɗannan takardu suna sauƙaƙa su.

Saboda haka wanda ya ce gwamnati ba ta wallafa komai bai yi mata adalci ba. Tana wallafawa. Tambayar ita ce wa take wallafa wa. Yawancin waɗannan gyare-gyare an yi su ne da idon mai ba da tallafi da mai ba da lamuni a zuciya. Mai tantance shirin zai buɗe shafin jiha, ya ga an ɗora takarda kafin wa'adi, ya sa maki. Aikinsa ya kammala, kuma bisa sharaɗin shirin ya yi daidai. Amma babu wani maki da ake bayarwa don mutumin Badafi ya ji labari.

Katangu huɗu

Tsakanin takardar da ke intanet da mutumin da aka rubuta ta dominsa akwai katangu huɗu.

Ta farko harshe ne. Kasafi da Turanci ake rubuta shi, kuma Turancin akantoci, mai cike da lambobin ma'aikatu da gajerun haruffa. Mai digiri ma, idan ba fanninsa ba ne, sai ya yi gumi kafin ya bambance kuɗin da aka ware da kuɗin da aka saki da kuɗin da aka kashe. Waɗannan abubuwa uku ne daban-daban, kuma a tsakaninsu ne yawancin ayyuka ke mutuwa.

Ta biyu siffar takardar ce. Ana ɗora kasafi a matsayin fayil na PDF mai ɗaruruwan shafuka, wani lokaci ma hoton takarda ne aka ɗauka, ta yadda ba za ka iya rubuta sunan garinku kwamfuta ta nemo maka shi ba. Wanda ke riƙe da ƙaramar waya, yana lallaɓa datar naira ɗari biyu, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ba zai sauke irin wannan fayil ba, balle ya bi shi layi-layi. Masana harkar bayanai suna cewa ba a kiran bayani buɗaɗɗe sai na'ura za ta iya tace shi, kowa kuma zai iya ɗauka ya yi amfani da shi kyauta. Hoton takarda bai cika ko sharaɗin farko ba.

Ta uku ita ce mafi muni, wato ma'aunin da ake rarraba bayanin da shi. Ana tsara kasafi bisa ma'aikatu, jama'a kuwa suna zaune ne a garuruwa. Ayyukan gari guda za su iya warwatsuwa a ƙarƙashin hukumomi goma, kuma a ayyukan mazaɓu na tarayya ba abin mamaki ba ne ka tarar an saka aikin fitilun titi ko na hanya a ƙarƙashin wata kwalejin noma ko cibiyar bincike da ke wata jiha can. Sau da yawa ma ba a ambaton gari. Sai a rubuta samar da rijiyoyin burtsatse a zaɓaɓɓun wurare a mazaɓar tarayya kaza, ko horarwa da tallafa wa mata da matasa. Rijiyar da ba a faɗi inda za a haƙa ta ba, babu wanda zai iya cewa ba a haƙa ba. Hukumar ICPC, wadda ta fara bin diddigin ayyukan mazaɓu a 2019, ta nuna cewa ayyukan tallafi da horarwa suna cikin waɗanda suka fi wuyar tantancewa. A Nuwambar wannan shekara Shugaba Muhammadu Buhari da kansa ya koka cewa an ware kimanin naira tiriliyan 1 ga ayyukan mazaɓu cikin shekaru goma ba tare da an ga amfanin da ya yi daidai da kuɗin ba.

Ta huɗu lokaci ne. Rahoton odita yakan fito bayan an rufe shekara, wani lokaci bayan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa, shugaban ƙaramar hukuma ya sauka, ruwan damina ya tafi da kwalbatin. Wannan shi ake kira ihu bayan hari.

A matakin ƙaramar hukuma waɗannan katangu sun fi tsawo. Abin da ke shigowa daga Abuja ana iya ganinsa. Abin da ke fita kuwa sai an sha wuya, domin shekaru da yawa kuɗin na bi ne ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ƙananan hukumomi kaɗan ne a ƙasar nan ke da shafin intanet mai rai da ake wallafa kasafi a kai. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Ko da an aiwatar da shi gobe, tsugune ba ta ƙare ba. Idan kuɗi suka bar hannun gwamna suka koma hannun ciyaman, jama'a kuma ba su san lissafi ba, duhun ne kawai ya sauya ɗaki.

Sadarwa ko talla

Wani zai ce ai gwamnati tana magana da jama'a da Hausa kullum, a Facebook da rediyo. Gaskiya ne tana magana. Akwai masu taimaka wa shugabanni kan kafafen sada zumunta a kowane mataki, akwai hotunan aza harsashi da yanke ƙyalle, akwai sojojin baka da ke cika gidajen rediyon Kano da dare. Sai dai a saurari abin da ake faɗa. Za a gaya maka mai girma wane ya ƙaddamar da aiki, a jero manyan baƙin da suka halarta, a gode masa kamar daga aljihunsa ya ciro. Da wuya a faɗi kuɗin kwangilar, da sunan kamfanin, da ranar da ya kamata a miƙa aikin. An raba aiki gida biyu: alƙaluma da Turanci ga baƙi, yabo da Hausa ga 'yan gida.

Abin da ya faru a Agustan 2024 ya isa misali. Bello Galadanci, wanda aka fi sani da Ɗan Bello, ya fitar da bidiyo da Hausa kan wata kwangilar sayo magunguna ga ƙananan hukumomi 44 na Kano, inda aka ce kowace za ta biya kimanin naira miliyan 10. Bidiyon ya zagaye wayoyi cikin kwanaki. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya kuma umarci Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha ta bincika.

Akwai darussa uku a nan. Na farko, masu cewa talaka bai damu da alƙaluma ba sun yi kuskure. Da aka kawo masa su cikin harshensa, ta wayar da ke hannunsa, ya saurara ya kuma yaɗa. Na biyu, idan har gwamna zai ce an yi ciniki da kuɗin ƙananan hukumomi duka bai sani ba, to rufa-rufa na cutar da mai mulki kamar yadda take cutar da wanda ake mulka. Na uku, jiran wani ya tsegunta takarda ga mai bidiyo ba tsari ba ne, sa'a ce, kuma hanyar da gaskiya ta bi yau ƙarya ma za ta iya bin ta gobe. Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa duk suna cikin 44 ɗin. Da a ce an liƙa a ƙofar kowane asibitin mazaɓa jerin magungunan da ya kamata ya karɓa da kuɗinsu, da ma'aikaciyar lafiya da matan da ke zuwa awo sun riga kowa sanin ko sun iso. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gwamnati ta san hanyar ƙofar gida

Ana yawan kafa hujja da cewa karkara tana da wuyar kaiwa. Tarihinmu ya ƙaryata wannan. A zamanin En'e, hukuma ta san kowane magidanci. Dagaci da mai unguwa suna da jerin sunaye, ana sanar da abin da ke kan kowa da Hausa, a karɓi haraji a ba da rasit, a bi makiyayi har ruga a ƙirga shanunsa don jangali. Haka aka yi ta yi har 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano. Babu intanet, babu wayar hannu, amma saƙon hukuma bai taɓa ɓata a hanya ba, domin karɓa za ta yi.

A zamaninmu ma haka. Bayan dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 da dawo da shi a 2004, an gina tsarin da ke bin gida-gida tare da masu unguwanni, ana rubutu da alli a bangon kowane gida, ana shafa tawada a yatsan kowane yaro, har aka kai ga tabbatar da kawar da cutar ta asali daga Najeriya a Agustan 2020. A lokacin zaɓe kuwa, hukumar INEC tana kai kaya da ma'aikata rumfuna 176,846 a rana guda. A kowace rumfa ana ƙirga ƙuri'a a gaban jama'a, a faɗi sakamako da babbar murya, a ba wakilan jam'iyyu kwafi, a liƙa a bango, sannan a ɗauki hoto a tura shafin IReV. Kowa ya san yadda turawar ta samu tangarɗa a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, amma wannan ma darasi ne: inda na'ura ta gaza, takardar da ke hannun wakili da abin da jama'a suka ji da kunnensu su ne suka rage a matsayin shaida.

Ƙasar da ta iya kai wa kowace rumfa takardar sakamako ba za ta ce ta kasa kai wa kowace mazaɓa takardar kasafi ba. Idan hukuma na neman haraji, ko yaro, ko ƙuri'a, ta san harshe ta kuma san hanya. Sai idan ita ce za ta ba da lissafi take tuna cewa ƙauye da nisa.

Abin da wasu suka gwada

A Yuganda wani bincike na bin diddigin kuɗi ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin 100 kacal na kuɗin gudanarwa da gwamnatin tsakiya ke tura wa makarantun firamare ne ke isa gare su, sauran na maƙalewa a ofisoshin gundumomi. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu duk wata, aka kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai kimanin kashi 80. Masu binciken, Ritva Reinikka da Jakob Svensson, sun lura cewa makarantun da ke kusa da inda ake sayar da jarida sun fi samun ƙari. Wasu masana sun yi gyara cewa sauye-sauyen da aka yi wa ilimin firamare a waɗannan shekaru su ma sun taimaka, kuma gyaran yana da tushe. Duk da haka ba a musa cewa shugaban makarantar da ya san haƙƙinsa ya fi wuyar cuta.

A jihar Rajasthan ta Indiya, a tsakiyar shekarun 1990, ƙungiyar manoma da leburori ta MKSS ta ɓullo da zaman sauraron jama'a. Sukan samo takardun biyan leburorin ayyukan gwamnati su karanta a dandalin ƙauye. Nan take sai a ji an ambaci sunan mamaci a cikin waɗanda aka biya, ko wani ya miƙe ya ce bai taɓa yin wannan aiki ba. Yawancin masu sauraron ba su iya karatu ba, amma sun san junansu, kuma wannan ilimi ne da babu oditan da ke da shi. Wannan gwagwarmaya na cikin abubuwan da suka haifar da dokar 'yancin samun bayanai ta Indiya a 2005.

A gida kuma akwai Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara, ɗaya daga cikin garuruwan da gubar dalma ta yi wa ɓarna a annobar da ta kashe ɗaruruwan yara tun daga 2010. Kuɗin tsaftace garin sun maƙale, sai Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money suka riƙa zuwa garin suna ɗauko shaida suna yaɗawa a intanet, tare da matsin lambar wasu ƙungiyoyi, har aka saki kuɗin a farkon 2013. A nan intanet ta yi aikin da ta fi iyawa, wato ɗaukar muryar ƙauye ta kai inda ake yanke shawara.

Abin da ya haɗa misalan uku shi ne, bayanin ya sauka har matakin da mutum zai iya gwada shi da abin da idonsa ya gani.

Hujjojin masu ja

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma wasu hujjojinsu na da nauyi.

Ana cewa da yawa ba su iya karatun boko ba. Amma kowace mazaɓa tana da malamin firamare, da ma'aikacin lafiya, da ɗalibin sakandare, da limami. Mutum ɗaya ya karanta, majalisa duka ta ji. Kuma akwai ajami, wanda har yau yake kan takardun naira 200 da 500 da 1,000. Idan Babban Banki ya ga dacewar gaya wa mutum darajar kuɗin da ke hannunsa da ajami, ƙaramar hukuma ma za ta iya gaya masa inda kuɗinsa suka tafi.

Ana cewa akwai haɗarin tsaro, kuma wanda ya san labarin dajin Falgore da masu garkuwa da mutane ba zai yi wasa da wannan ba. Amsar ita ce a bambance. Sunan talakan da ya karɓi tallafi, da lambar wayarsa, da asusunsa, sirrinsa ne, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta kare su. Abin da za a wallafa shi ne adadin masu amfana a mazaɓa da ƙa'idar da aka bi wajen zaɓensu. Amma sunan kamfanin da ya karɓi kuɗin jama'a, da kuɗin, da wurin aikin, babu wani dalilin tsaro da zai sa a ɓoye su.

Ana cewa 'yan adawa za su mayar da alƙaluman makami. Za su yi, kuma aikinsu ke nan. Yanzu ma suna yaƙin, da jita-jita da ƙazafi. Shugaban da ya yi aiki tsakani da Allah shi ya fi kowa asara a wannan duhu, domin ba shi da abin da zai nuna ya bambanta kansa da ɓarawo.

Hujja mafi ƙarfi ita ce sani ba ya ɗaure kowa. An sha fallasa ɓarna a ƙasar nan ba a hukunta kowa ba, kuma yawan fallasa ba tare da sakamako ba yana kashe zuciya. Wannan gaskiya ne, shi ya sa wallafawa kaɗai ba ta isa ba sai an haɗa ta da wanda dole ya amsa. Amma a matakin mazaɓa akwai wani hukunci da Abuja ba ta da shi. Kansila da ɗan kwangila da shugaban makaranta masallaci ɗaya suke sallah da mutanen da suka ji lissafin, kasuwa ɗaya suke ci, a gidajensu suke neman aure wa 'ya'yansu. Satar da ake yi a ɓoye cikin lambobi tana da wuyar yi idan maƙwabci ya san adadin.

Takarda ɗaya ga kowace mazaɓa

Shawarata mai sauƙi ce. Kano na da mazaɓu 484. A farkon kowace shekara a fitar wa kowace takarda ɗaya, da Hausar boko da ajami, mai ɗauke da duk aikin da tarayya, jiha da ƙaramar hukuma suka ware mata: sunan aiki, takamaiman wuri, kuɗi, hukumar da ke da alhaki, ɗan kwangila, wa'adi. A haɗa da abin da ake turawa asibitin mazaɓa daga asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, da duk abin da ake ba makarantu. Duk wata uku a sabunta ta da abin da aka saki. A liƙa a ƙofar dagaci, da asibiti, da makaranta, da bakin kasuwa. A karanta ta a rediyo, a mayar da ita saƙon murya na minti uku da za a iya turawa ta WhatsApp ko a kwafa daga waya zuwa waya. Asalin alƙaluman kuma a ajiye su a shafin jiha cikin teburin da kwamfuta za ta iya tacewa, domin 'yan jarida da masu bincike.

Sannan a yi zama a bainar jama'a duk wata uku, kansila ya karanta, shugaban sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya amsa tambayoyi, a rubuta abin da aka faɗa. Kwamitocin ci gaban mazaɓa na harkar lafiya da kwamitocin kula da makarantu suna nan a ƙasa, ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Abin da zai ba tsarin haƙora shi ne Majalisar Dokokin Jiha ta sa shi a doka da sharuɗɗa biyu: kada a amince da aikin da ba a ambaci wurinsa ba, kada kuma a biya ɗan kwangila kason ƙarshe sai an liƙa bayanin aikinsa, allon da ke bakin aikin ya nuna kuɗi da wa'adi. Kuɗin buga takardu 484 sau huɗu a shekara bai kai na taron ƙaddamarwa guda mai rumfuna da makaɗa ba.

Ba sai an jira doka ba kafin a fara. 'Yan majalisar tarayya biyu na wannan yanki, da sanatan Kano ta Kudu, da 'yan majalisar jiha, kowannensu ya san ayyukan da ya saka a kasafi. Duk wanda ya fara wallafa nasa mazaɓa-mazaɓa, da kuɗi da sunan kamfani, ya tilasta wa sauran bin sa ko bayyana dalilin ƙin bi.

Akwai kuma nauyi a kan 'yan boko na waɗannan garuruwa da ke aiki a Kano, Kaduna, Abuja ko ƙasashen waje. Kusan kowane gari yana da ƙungiyar ci gaba ko ta tsofaffin ɗalibai, kuma a cikinta ba a rasa akanta, lauya ko injiniya. Ƙungiyoyin nan sun saba tara kuɗi su gyara aji ko su sayi taransifoma, wani lokaci aikin da tuni an ware masa kuɗi a kasafi ba su sani ba. Aikin yamma biyu ne mutum ya sauke kasafin tarayya da na jiha, ya tsamo duk layin da ya ambaci ƙaramar hukumarsu, ya fassara, ya rubuta lambar shafin da ya samo kowane, ya tura gida. Inda aka rubuta zaɓaɓɓun wurare, a rubuta wa hukumar wasiƙa bisa dokar 2011 a nemi sunayen wuraren, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, a ƙirga kwana bakwai. Dokar ta ma tanadi cewa wanda bai iya rubutu ba zai iya nema ta hannun wani, kuma idan ya nema da baki, jami'in ne zai rubuta masa. A yi shi ba zagi, ba jam'iyya, a faɗi abin da takarda ta ce da abin da ido ya gani, a bar jama'a su haɗa biyun.

Kasafin baɗi za a fara tsara shi tun kafin kaka, a kai majalisa kafin ƙarshen shekara. Tsakanin yanzu da lokacin, ƙungiya ɗaya a Kiru ko Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, za ta iya fitar da takardar mazaɓa guda ta bana, ta karanta ta bayan sallar Juma'a a Badafi ko Kofa ko Burumburum, ta ga abin da mutane za su ce game da layi na farko.